Shawarar wata: kewayen yini guda a Gulbin Kaba

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi, watannin Afrilu da Mayu su ne tsakiyar bazara. Zafi yakan wuce digiri 40 da rana. A lokacin ne ciyawa take ƙarewa kusa da gari, sai makiyayi ya bar garke hannun yara, ya fita da ƙafa ya dubo inda abincin bisashe ya rage. Manomi ma yakan fita biɗar jakinsa ko raƙuminsa da ya ɓace. Tafiya ce ta kewaye: a fita ta hanya guda, a komo ta wata, a kwana gida.

Mutane suna raina irin wannan tafiya. Mai zuwa Agadas yana shiri sosai. Mai kewayen kilomita 20 kuwa sai ya ce ai kusa ne, ya ɗauki sanda kawai ya fita. Ga shi ƙishirwa ba ta tambayar nisan gida.

Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Tasawa, ya bi ta wajen Kanambakashe, ya wuce Mayahi ya yi yamma. Ruwa ba ya gudu cikinsa kamar kogi, yana ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka rijiyoyin gulbi sun fi na tudu kusa da ruwa, kuma akwai inuwar goruba da ta gawo. A kan jigawa kuwa rairayi ne da ƙarangiya, inuwa kaɗan, rijiya mai zurfi. Wanda ya isa bakinta ba shi da doguwar igiya da guga, ganin ruwa kawai zai yi.

To, ga yadda mai hankali yake tsara kewayensa. Ya fara da tudu tun da asuba, sa'ad da rairayi yake da sanyi, jikinsa kuma da ƙarfi. Ya komo ta gulbi, inda ruwa da inuwa suke jiransa. Da yawa suna yin akasin haka, don gulbi ya fi daɗin tafiya da safe. Sai rana ta take ta iske su tsakiyar jigawa, gora ba ruwa, gaba da nisa, baya da nisa.

Lissafin ba wuya. A ƙasa mai tauri mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 cikin awa guda. A rairayi mai laushi tafiyar takan ragu ƙwarai. Mai tafiya cikin zafi yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa guda. Ke nan ƙaramar gora ba ta isa yini. A cika salka ko bido, a riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun ƙishi bai kama ba. Idan rabin ruwan ya ƙare ba a kai rabin hanya ba, a juya. Babu kunya a ciki. Daga hantsi ya yi zafi har la'asar, a zauna inuwa. Fura da ƙuliƙuli sun isa guzuri. Rawani ko malafa a ka, takalmi a ƙafa, saboda ƙaya da kububuwa.

Jiki yana ba da labari kafin ya faɗi. Ciwon kai, jiri, fitsari kaɗan mai duhu, jijiyar ƙafa tana ɗaurewa: duk alamun ruwa ya ragu ne. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. A haɗa lita guda ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa sha a hankali. Amma idan jikinsa ya yi zafi zau, maganarsa ta rikice, ko ya suma, kada a ɗura masa kome a baki. A ci gaba da jiƙa shi, a ɗora shi a amalanke zuwa likita maza.

Inda akwai burtali, a bi burtali. A wurare da yawa an kakkafa ginshiƙan siminti a gefensa, kuma dokar kiwo ta shekarar 2010 ta hana kowa ya toshe shi da gona. Ginshiƙi ba ya gusawa, sawu kuwa iska tana shafe shi cikin ɗan lokaci.

Mai salula kada ya dogara da ita ɗungum, don ba ko'ina take kamawa ba, caji kuma yana ƙarewa. Kafin ya fita, ya gaya wa mutanen gida ta inda zai bi, rijiyar da zai tsaya, da lokacin da zai komo. Idan magariba ta yi bai iso ba, ƴan'uwansa sun san rijiyar da za su fara dubawa.