Ra'ayinmu: Muryar Dattawan Birni a Cikin Katin Memori

Kowace shekara ɗalibanmu na Tarihi da na Hausa sukan kutsa lungunan birnin Kano, daga marinar Ƙofar Mata har rumfunan Kasuwar Kurmi, suna ɗaukar muryar dattawa da hotunan tsofaffin takardun ajami. Duk wannan wahala takan ƙare ne a cikin ɗan katin memori wanda bai fi farce girma ba. Ran da katin ya ƙi buɗewa, ko aka goge shi bisa kuskure, in dattijon yana da rai sai a koma a ba shi haƙuri. In kuwa Allah ya yi masa rasuwa, to, abin da ya sani game da unguwarsu ya bi shi kushewa.

Abin da muke so 'yan'uwa ɗalibai su gane shi ne, sau da yawa abin da aka goge bai tafi ba tukuna. Na'ura takan share sunansa ne kawai daga jerin abubuwan da ke cikin katin, ta rubuta cewa gurbinsa babu kowa, alhali kuwa yana nan kwance sai ran da aka ɗora wani abu a kansa. Saboda haka wanda ya ci gaba da ɗaukar hotunan biki da katin, shi da hannunsa yake binne aikinsa. A zare katin nan take. In kwamfuta ta ce a yi masa fomatin, kada a yarda. A fara kwafe katin ɗungurungum, sa'an nan a bi kwafin da manhaja irin su PhotoRec, wadda kyauta ce, a kuma zuba abin da aka tsamo a wani wuri dabam.

Amma fa kada a ruɗi kai. Akwai katin jabu, wanda zai nuna gigabayit 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Abin da ya haura wannan bai taɓa zama a ciki ba, balle a tsamo shi. Ma'ajiyar cikin wayoyin zamani kuma a kulle take da sirri, da wuya a dawo da abin da aka goge daga cikinta. Kati na gari ma da ɗan cajin lantarki yake riƙe rubutu, cajin kuwa yana tsiyaya a hankali, zafi irin na bazarar Kano yana ƙara masa sauri. Wanda zai kai katinsa wurin masu gyara, ya zauna a yi aikin a gabansa, domin hirar da dattijo ya yi da shi amana ce.

Malaman zaure sun riga mu sanin maganin wannan. Littafin Tarihin Kano ya iso gare mu ne domin marubuta sun yi ta kwafarsa da hannu, har Palmer ya sami kwafin da ya fassara a 1908. Ga mu da na'urar da za ta kwafe kundi guda kafin a sha ruwa, amma ƙyuya ta hana mu ajiye kwafi biyu.

Muna roƙon hukumar jami'a ta keɓe tebur guda a ɗakin karatu, da ma'aikaci wanda ya san aikin, inda ɗalibi zai kai katinsa da ya lalace ba tare da biyan ko kwabo ba. Muna kuma roƙon sassan Tarihi da na Harsunan Nijeriya su sa doka: kada malami ya sa hannu a kundin ɗalibi sai ya ga an ajiye kwafin muryoyin da aka ɗauka a sashe, da sunan mai magana, da unguwarsa, da ranar da aka yi hirar.