Yoyon Mota: Abin da Rairayi ke Ɓoyewa

A Yamai ko a Maraɗi, wanda motarsa ke kwana bisa daɓen siminti ba ya bukatar a gaya masa tana yoyo. Da safe in ya ja ta baya, ga tabo nan baƙi ƙirin a ƙasa. A Tasawa da Mayahi lamarin ba haka ya ke ba. Yawancin motoci a tsakar gida su ke kwana, ko a gindin bedi ƙofar gida, ƙasar kuwa duk rairayi ce. Ɗigon mai ya faɗo da dare, kafin asuba rairayi ya shanye shi. Ɗan abin da ya rage, ko tsintsiya ta share, ko awaki su tattake. Maigida ya fito ya duba ƙasa ya ga tsaf, ya yi bisimilla ya kama hanyar Urafan ko ta Kanambakashe, alhali motar ta kwana tana zubar da abin da zai kai ta.

Motocin wannan yanki kuma ba yara ba ne. Har yanzu ana gamuwa da Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekara ta 2000. Sauran yawanci Toyota ne da suka gama aikinsu a Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano. Tun ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, ma'aikacin gwamnati ya koyi riƙe tsohuwar motarsa hannu biyu. Rufe iyakar Benin a 2023 ya ƙara tsawaita hanyar kayan gyara. Saboda haka ɗan kasuwa da ma'aikaci duk a jirgi ɗaya su ke: wadda ke hannu, ita za a lallaɓa. Ƙarfe yana jure shekaru, amma roba ba ta jurewa. Zafin watan Afrilu da ke wuce awo 40, da ƙurar hunturu, da gargadar hanyoyin birji, su ke busar da tiyo da robobin da ke tsare mai, su tsattsage.

Maganin da aka saba da shi a tasha shi ne ƙari. A ajiye galan ɗin baƙin mai da jarkar ruwa a bayan mota, duk tsayawa a zuba. Mai wannan ɗabi'a yana ganin ya yi dabara, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Ɗigo 20 ya kan yi kimanin mililita ɗaya. In inji yana ɗiga sau ɗaya kowane sakan yayin da ya ke aiki, a awa ɗaya ya zubar da wajen mililita 180. A awa 6 na tafiya an rasa fiye da lita guda. Injin 504 kuwa kusan lita 4 kaɗai ya ke ɗauka. Banda haka, ƙari ba ya gaya wa mutum wane ruwa ne ke fita, kuma nan ne haɗarin ya ke, domin ba dukan yoyo ne ɗaya ba. Akwai wanda zai iya jiran albashi, akwai wanda ba ya jiran ko gobe.

Kayan binciken farko kwali ne. A samu babban kwali mai tsabta, irin na sabulu ko na taliya, a buɗe shi a shimfiɗa ƙarƙashin mota da yamma, bayan ta dawo daga tafiya tana da zafi. A danne gefensa da duwatsu saboda iska da awaki, a zana masa alamar gaba da ta inda tayoyi su ke. Da safe a jawo shi a karanta: ina ɗigon ya faɗa, wane launi ne, yaya warinsa, yaya ya ke tsakanin yatsu.

Wanda ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ya fi wuyar gani. Man birki ba shi da launi sosai, ruwan ɗorawa ne mai haske in sabo ne, ya yi duhu in ya tsufa. Yana da santsi amma ba shi da kaurin baƙin mai, yana cin fenti, kuma in an ɗiga shi cikin ruwa sai ya gauraya, ba ya tasowa sama kamar sauran mai. Sau da yawa ma ba ya kaiwa ga kwali. Sai an leƙa bayan kowace taya an ga ko cikinta ya jiƙe, an duba tiyon robar da ke shiga wurin, an kuma shafa saman fedar birki daga cikin mota. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a taka birki da ƙarfi a riƙe shi rabin minti. In fedar tana nutsewa a hankali, motar ba ta fita daga gida. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, ta Gazawa da Agye da Caduwa, kuma babu garin da ba a gamuwa da amalanke ko garken shanu ko yaran lakol suna tsallakawa. Direban da ya ce zai lallaɓa da giya da birkin hannu, ran wasu ya ke caca da shi, ba nasa kaɗai ba.

A nan ne wajibi a ambaci wata mummunar al'ada. In man birki ya ƙare a daji, wasu kan zuba ruwan sabulu, wasu baƙin mai. Ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, feda ta tafi ƙasa wayam. Baƙin mai kuwa yana kumbura dukan robobin birki, a wayi gari gyaran roba ɗaya ya zama na duka. Abin da aka rubuta bisa murfin ɗan tulun, DOT 3 ko DOT 4, shi kaɗai ake zubawa, daga kwalbar da ba a daɗe da buɗewa ba, tun da man yana shan danshin iska. Sauya roba da fitar da iska daga layin birki aikin mutum biyu ne, kuma ɗayansu ya zama wanda ya iya. Mai 504 ya tuna kulocinta ma da irin wannan mai ya ke aiki.

Na biyu a haɗari shi ne isansi. Shi hanci ke kama shi, domin ya kan bushe bai bar tabo ba. Motar da ke warin isansi da safe, a gidan da murhu ke ci kamu goma daga gare ta, ba abin wasa ba ce. A duba da tocila, ba da ashana ko fitilar kananzir ba. Yawanci ɗan tiyon da ke kai mai ga kafireto ne ya tsage, kuma sauya shi ba ya cin rabin awa, muddin an sayi tiyon da aka yi domin isansi. Na ruwa narkewa ya ke yi. Sabulun da direbobi ke gogawa a tankin da ya huje yana iya kai mota gari, iyakarsa ke nan. Tsofaffin motoci masu famfon mai a jikin inji suna da wani yoyon ɓoye: in fatar famfon ta yage, isansi ya zuba cikin baƙin mai. Alamarsa, a ga mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu, yana kuma wari.

Ruwan radiyata ya kan ɗiga ta gaba. In da maganin sanyaya inji a ciki, kore ne ko ja-ja, mai ɗan zaƙi, kuma guba ne ga yaro da akuya. Amma a ƙauyukan Mayahi da Tasawa ruwan rijiya aka fi zubawa, shi ya sa tabon ya kan zama ruwan tsatsa. A bari inji ya huce sarai kafin a taɓa murfin, domin murfin yana riƙe matsi har ruwan ya wuce awo 100 bai tafasa ba, mai gaggawar buɗewa kuwa fuskarsa ce ke biya. A matsa kowane tiyo da hannu: wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi laushi kamar tuwo, ya gama aiki. In tsagar a bakin tiyo ta ke, a yanke wurin a mayar a ɗaure da sabon maɗauri. Robar murfin kanta tana lalacewa, kuma ita ce mafi arahar gyara. Ɗanyen ƙwai da garin barkono da ake zubawa su toshe huda, gaskiya suna toshewa, sai dai ba su san bambancin huda da hanyar ruwa ba. In kuwa ruwa na raguwa kwali bai nuna komi ba, a jawo sandar awon mai. Mai da ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai kauri a salansa, alama ce ruwa yana shiga cikin inji. Wannan ya wuce gyaran tsakar gida.

Baƙin mai shi ya fi ɓata wuri, shi ya fi tayar da hankali, amma sau da yawa shi ya fi haƙuri. Kuskuren da aka fi yi a kansa shi ne a kama wurin da ya ɗiga a ce nan ne. Mai daga sama ya ke gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, ƙura ta lulluɓe sawunsa. Sai an wanke inji da ruwan sabulu, ana kiyaye wayoyin wuta, ya bushe, a barbaɗa masa hoda, a tayar da shi minti 10. Wurin da ya fara jiƙewa mafi tsawo, shi ne mai laifi. Galibi juwan ɗin murfin saman inji ne, abin da makanikan Najeriya ke kira gaskit, kuma mai spana da natsuwa zai iya sauya shi. Natsuwar ta fi spanar amfani: ɗaure kusoshi da ƙarfin tsiya yana murƙushe sabon juwan, lafta gam kuma yana sa guntayensa su faɗa ciki su toshe rariyar mai. Wani lokacin ɗan zoben jan ƙarfe ne na kusar juye, wanda kuɗinsa bai kai na goro ba, amma a yi juye biyar ba a sauya shi ba. Wani lokacin filta ce, an ɗaura sabuwa bisa tsohuwar robar da ta manne.

Akwai masu sauya robobi sau biyu sau uku, yoyo bai daina ba, su ɗora wa mai kanti laifin jabun kaya. Kafin a zargi kowa, a duba ɗan tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa. In ƙura da dauɗa sun toshe shi, matsi ya taru a ciki ya tura mai ta kowace kafa. Cika mai fiye da alamar sama ma haka ya ke yi. Ɗigon da ke fitowa daga mahaɗar inji da akwatin giya kuwa, sai an sauke akwatin kafin a kai gare shi. In kaɗan ne, kuma kuloci bai fara sulɓi ba, ana iya jiran ƙarshen wata, da sharaɗin a riƙa duba sanda kowace safiya.

Man akwatin giya da na gadar baya kauri gare shi, da wari mai hawa kai. Shi ba shi da fitilar gargaɗi, sai kuka ya sanar da ƙarewarsa. Jan mai na sitiyari ne ko na giya mai sauya kanta. Ruwa garai da ke ɗiga bayan an kunna na'urar sanyi ba ciwo ba ne.

Rairayin da ya ɓoye yoyo yana da wani sharri na biyu, shi ne jak yana nutsewa a cikinsa ko ya goce. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. A sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, a tokare motar da gungumen itace mai ƙwari, a danne sauran tayoyi, a kori yara. Tsohon mai kuma a tara shi a jarka a kai gareji. A kwarin Gulbin Kaba ruwan rijiya ba shi da nisa da ƙasa, abin da aka zubar bayan katanga bara yana iya komowa cikin guga.

In an gama gyara, a goge wurin sarai, a yi tafiya mai ɗan nisa, kamar daga Tasawa zuwa Maijirgi a komo, sannan a shimfiɗa sabon kwali dare uku a jere. A rubuta kwanan wata da awon kilomita a gefensa, a ajiye tare da na farko, domin makanike ya ga su biyun in har sai an je wurinsa.