Idan 'Yar Riko da 'Yar Attajiri Suka Yi Musanyar Rayuwa

Daga cikin labaran da matasa suka fi ƙauna akwai na musanyar rayuwa, wato a ɗauko mutum biyu da zamansu ya bambanta, kowanne ya shiga rigar ɗan'uwansa na ɗan lokaci. Marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya yi amfani da wannan zubi a littafinsa na 1881, inda ɗan sarki da ɗan talaka suka yi musanyar tufafi a Ingila. A zamanin nan kuwa, wasu marubutan matasa a Amurka kan haɗa 'yar attajiri da yarinya daga al'ummar Amish, wasu Kiristoci da ke zaune a jihohi irin su Fensilbaniya da Ohayo, waɗanda ba su mallakar mota, ba su jawo wutar lantarki gidajensu, kuma karatun 'ya'yansu kan tsaya a aji na takwas. Ra'ayina shi ne, ya kamata malamin Hausa ya shigo da irin wannan labari cikin aji, amma da sharuɗɗa.

Da farko dai, wannan jigo ba baƙo ba ne a adabinmu. Tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora ta daɗe tana auna 'yan mata biyu a sikeli ɗaya: an tura 'yar bora wanki a ruwan Bagaja, ladabinta ya jawo mata arziki, 'yar mowa ta bi sawu da tsiwa ta kwaso wahala. Haka kuma rubutattun labarai sun taɓo ratar da ke tsakanin mai shi da maras shi. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, 'yar masu hali ce ta so ɗan talaka. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, yarinyar ƙauye aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole. Abin da musanya ta ƙara shi ne, tana tilasta wa kowace yarinya ta ɗanɗani tuwon da ake ci a gidan ɗayar.

To, mu ƙaddara marubuci ya ɗauko yarinya daga Riko, a ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, ya kai ta gidan wani attajiri a birnin Katsina, ya mayar da 'yar attajirin Riko. A nan akwai ramuka biyu. Na farko shi ne a mai da 'yar ƙauye abar dariya, bagidajiyar da ke tsoron fanka, kamar yadda wasu finafinai suka saba. Ɗalibar ƙauye da ta karanta wannan za ta fara jin kunyar iyayenta. Alhali yarinyar bakin iyaka tana da ilimin da 'yar birni ba ta da shi. Mai yiwuwa tana da dangi a wajen Maraɗi, tana lissafi da naira da sefa, ta san sussuka da surfe, ta san ruwan da zai isa gida a yini.

Rami na biyu ya fi haɗari domin kamar yabo yake zuwa: a nuna talauci daɗi ne, 'yar attajiri ta je ƙauye ta sami kwanciyar hankali, shi ke nan. Nan ne kwaikwayon littattafan Amurka zai ɓatar da mu. 'Yan Amish al'ummarsu ce ta zaɓi barin lantarki bisa aƙida, asibiti da titi kuwa suna kusa da su. Yarinyar karkarar Jibiya ba wanda ya shawarce ta. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Ga kuma hare-haren 'yan bindiga da suka raba manoma da gonakinsu. Labarin da ya tsallake wannan ya yi wa mai karatu rufa-ido.

Wasu za su ce irin wannan labari yana koya wa yara yaudarar iyaye da kwaɗayin abin duniya. Wannan magana abar dubawa ce, domin musanya ba ta yiwuwa sai da ɓoye gaskiya. Sai dai maganin abin yana hannun malami. Ya tambayi ɗalibai: wa ƙaryar ta cutar? Me kowace ta rasa da ta bar gidansu? Ran da asiri ya tonu, kowa ya koma inda ya fito, me ya sauya a rayuwar 'yar Riko? Idan amsar ita ce babu, to 'yar attajiri kaɗai ta amfana, ita kuwa ɗayar an yi aron rayuwarta ne kawai don a koya wa wata darasi.

Saboda haka ina kira ga ɗaliban kwalejojin ilimi, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da su gwada wannan a lokacin koyon aikin koyarwa. A haɗa ɗalibai biyu-biyu, kowacce ta yi wa abokiyarta tambayoyi, sannan ta rubuta yini guda na rayuwar abokiyar, mai rayuwar kuma ta gyara mata kurakurai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Daga irin wannan aji ne za a sami marubuciyar da za ta ba da labarin Riko da bakin mutanen Riko.