Jirgin da ke makantar da rada, da matuƙin da bai san aikinsa ba

Yawancinmu mun ɗauka jirgin yaƙi shi ne mai sakin bam. Amma akwai wanda aikinsa shi ne toshe radar abokan gaba da katse masu rediyo, kamar yadda rezo ke ɗauke mana a salula.

A yaƙin Iraƙi na 1991, jirgin Amurka EF-111 ba ya ɗauke da makami ko ɗaya, amma shi ke buɗe wa masu bam hanya. Yau kuma suna da EA-18G Growler, mai mutum biyu: matuƙi a gaba, jami'in sigina a baya.

Matsalar ita ce, wannan aiki ba a ganinsa da ido. Matuƙin da bai fahimce shi ba yana iya fita daga inda aka rufe masa, ko ya iso kafin lokaci, rada ta gan shi. Nan rai ke salwanta.

Mu ma abin ya shafe mu. Tun 2022 Nijar na da jirage marasa matuƙi Bayraktar TB2 na Turkiyya, kuma da sigina ake tuƙa su. A Ukraine ana ta kakkaɓo ƙananan jirage marasa matuƙi ta hanyar toshe sigina kawai.

Don haka muke cewa sayen jirgi bai isa ba. A koya wa matuƙanmu yaƙin sigina tun daga makaranta, su riƙa atisaye tare da masu aikin. Allah ya kare sojojinmu.