Zanen Hunturu da Ranar Rabon Gado

A lokacin sanyin da ya haɗa shekarun 1868 da 1869, mai zanen nan Bafaranshe, Claude Monet, ya zauna kusa da garin Étretat a arewacin Faransa, ya zana wani fili da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Babu wani abin a-zo-a-gani a ciki: shinge ne, da ƙyauren itace, da tsuntsu guda mai kama da hankaka a bisa ƙyauren. Haske ne ya ja hankalinsa, musamman yadda inuwar shingen ta kwanta a kan farin fili da launin shuɗi-shuɗi, maimakon baƙin da malaman zane suka saba koyarwa. Alƙalan babban baje kolin zane na birnin Paris sun ƙi karɓar aikin a 1869. Yau yana rataye a gidan tarihi na Orsay, ana kuma lissafa shi cikin ayyukan da suka share fage ga salon Impireshanizim, wato zana abin da ido ya kama na haske da yanayi a ɗan lokaci kafin ya sauya.

Gwaninta ita ta samar da irin wannan aiki, amma iyali ne suka riƙe sunan mai shi. Da Monet ya rasu a 1926, agolarsa Blanche, wadda kuma matar ɗansa ce, ta ci gaba da kula da gidansa da lambunsa na Giverny har ƙarshen rayuwarta. Ɗansa Michel, wanda ya rasu a 1966, ya yi wasiyya da gidan da tarin zane-zanen mahaifinsa ga hukumar fasaha ta Faransa. Daga wannan wasiyya ne gidan tarihi na Marmottan ya samu tarin ayyukan Monet mafi girma a duniya, aka kuma buɗe gidan Giverny ga jama'a a 1980.

Kano ba ta san dusar ƙanƙara ba, amma tana da nata sanyin. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa hazo a kan birni. Wanda ya tsaya a titin Zariya wajen Gyaɗi-Gyaɗi da hantsi a watan Janairu zai ga rana ta koma farin faranti da ake iya kallo ba tare da runtse ido ba, itatuwan darbejiya sun yi fari-fari, gine-ginen nesa sun narke cikin sama. Matsalar da ta sha wa Monet kai ke nan: yadda za a zana wuri idan yanayi ya wanke masa launi. Mai zanen da ya iya kama hazon Kano da fentin mai ya yi aikin da ba ya buƙatar a roƙa masa alfarma a ko'ina.

Arewa kuma ta daɗe tana horar da masu zane. Sashen zane na tsohuwar kwalejin fasaha ta Najeriya ya koma Zariya a 1955. A can ne Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958, wadda ta sauya alƙiblar zanen ƙasar nan. Sashen ya zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, inda Gani Odutokun ya koyar har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995. Bayan waɗannan fitattu akwai ɗimbin ɗaliban da ba su yi suna ba, waɗanda suka koma garuruwansu suka zama malaman sakandare da ma'aikatan gwamnati, suna zane a ranakun hutu. Irin aikinsu ne ake tararwa a falon tsohon ma'aikaci a unguwanni kamar Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin agogon bango da kalanda, babu mai tambayar wanda ya zana.

A nan ne giɓin yake. Bahaushe ya san gadon sana'a sarai. Rini a Ƙofar Mata, da ƙira, da dukanci, da gini irin na zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, duk a gida ake koyonsu, ɗa ya tashi ya tarar da kayan aiki da sunan uba suna jiransa. Zanen ƙyalle kuwa ta ƙofar makaranta ya shigo, bai kafa gida ba. 'Ya'yan mai zane sukan zama likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa, babu wanda ya san bambancin aikin hannu da hoton da inji ya buga. Ranar rabon gado ana kiran mai ƙiyasta kuɗin gida da mota da fili. Zanen kuwa sai a haɗa shi da tsofaffin kujeru, ko a jefa shi ɗakin ajiya inda gara da laimar damina za su ƙarasa shi, ko a bar shi a bango har ranar da za a rushe gidan a gina shaguna.

Labarin Ben Enwonwu ya isa darasi. Zanensa mai suna Tutu, wanda ya yi a 1974, ya ɓace shekaru da dama, sai aka gano shi a wani gida a arewacin Landan. A Fabrairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a kan fam miliyan 1.2. Kafin nan iyalinsa sun riga sun kafa gidauniya da sunansa, tana tattara tarihin aikinsa. Haka 'ya'yan Yusuf Grillo, wanda ya rasu a 2021, suka buɗe gidan tarihi da sunansa a Ikeja. Kasuwar zane ba ta sayen kyau shi kaɗai. Tana sayen tabbaci: wa ya zana, yaushe, ta hannun wa aikin ya biyo.

Ana iya cewa ba kowane zane ne Tutu ba, kuma gaskiya ne. Mafi yawansu ba za su kawo kuɗin a-zo-a-gani ba. Sai dai zanen Dala ko na ganuwa ko na wani kududdufi da aka yi shekaru arba'in da suka wuce ya zama shaida a kan birnin da ke ɓacewa, domin an ci ganuwar a wurare da yawa, an kuma cike kududdufan an yi gini. Ana iya kawo batun addini, amma zanen fili da itatuwa da gine-gine ba shi ne abin da malamai suka yi saɓani a kai ba. Sananne ne cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ana kuma iya cewa gado haƙƙin magada ne, ba a riƙe shi don sha'awar tarihi. Wannan hujja ma tana goyon bayan a kula ne, domin dukiyar da aka raba ba tare da sanin ƙimarta ba an zalunci wani a cikin rabon, sau da yawa maraya ko mace.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Tun mai zane yana raye a zauna da shi a rubuta sunan kowane aiki da shekararsa da girmansa da wurin da yake nunawa, a ɗauki hoton gabansa da bayansa da sa hannun da ke jikinsa. A nisanta shi daga hasken rana da bango mai laima, a riƙa kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin bushewar hunturu kan riga ta tsattsaga fentin. Idan an zo rabo a nemi masani daga sashen zane na jami'a ya duba kafin a sa farashi. Magada su sani cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare aikin zane har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, don haka izinin buga hotonsa yana hannunsu ko da an sayar da ƙyallen. Wanda yake so aikinsa ya zauna wuri guda yana da ƙofar wasiyya a cikin sulusin dukiyarsa, ko waƙafi tun yana da rai.

Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna adana tarihin sarauta da na zuwan Turawa. Tarihin yadda malaman makaranta na ƙarnin da ya wuce suka kalli birninsu yana warwatse a gidajen jama'a, kuma makomarsa na hannun wanda aka ba takarda da biro ranar lissafin kayan mamaci. Idan ya rubuta "hoto ɗaya" ya wuce, an yi asarar da ba a mayarwa. Idan ya juya bayan ƙyallen ya kwafi suna da shekara, ya yi wa mahaifinsa abin da Michel ya yi wa Monet.