Ganyen Kanada a Waya, Gawon Kajiji a Murhu

Da zarar watan Oktoba ya kama, sai wayoyinmu su cika da jajayen ganyaye. A Facebook da WhatsApp ana ta yaɗa hotunan bishiyar mapul ta bayan gidajen Kanada da Amurka, ganyenta ya koma ja da rawaya yana zuba a ƙasa, wani har ya rubuta a ƙarƙashi wai "kaka ta zo". Wace kakar? Kakar Kajiji gero ce da dawa da wake, da damman hatsi a kan amalanke, da rumbun da ake yaɓe wa baki. Ba mu da faɗa da bishiyar mutane, kyakkyawa ce, masu ita ma sun ɗora ganyenta a tutarsu tun 1965. Faɗanmu da yadda muke yabon ganyen wata ƙasa alhali namu itatuwan suna ƙarewa a murhu.

Abin da ke faruwa da mapul ba wani asiri ba ne. Idan yini ya gajarce sanyi ya ƙarato, bishiyar kan daina yin sinadarin kulorofil mai sa ganye kore, ta janye amfanin da ke cikinsa zuwa jikinta. Sai rawayan da ke ɓoye ya bayyana, wani jan sinadari kuma ya samu daga sukarin da ya rage, daga nan ganyen ya faɗi. Dabarar tsira daga sanyi ce. Mu ma itatuwanmu suna da tasu dabarar, sai dai abokin gabarsu ƙishirwa ne. Kuka na zubar da ganye idan ruwa ya ɗauke, ta tsaya tsirara duk tsawon hunturu tana riƙe da ruwa a cikinta. Shi ya sa iyayenmu mata ke tsinkar ganyenta da wuri su shanya su daka, a yi ta miya har wata damina.

Shi kuwa gawo ya saɓa wa kowa. Lokacin da ruwa ya sauka kowace bishiya ta yi kore, shi a lokacin yake kakkaɓe ganyensa. Ganyen ya ruɓe a gona daidai lokacin shuka ya zama taki, gero ya samu rana don babu inuwar da za ta danne shi. Idan rani ya yi sai gawo ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa, 'ya'yansa su zama abincin awaki da shanu a lokacin da ciyawa ta ƙare, kashin dabbobin kuma ya ƙara wa gonar ƙarfi. Saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Duk manomin da ya tsufa a ƙasar Shagari ko Boɗinga ya san geron gindin gawo ya fi na fili. To yaro nawa ne a makarantunmu aka taɓa kai wa gindin gawo aka nuna masa wannan? Amma ya haddace lokuta huɗu na shekarar Turai, har da dusar ƙanƙarar da bai taɓa gani ba, bai iya bambanta marka da farkon damina ba.

Za a ce hoto ne kawai, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san hoto ba ya zama hoto kawai. Abin da aka sa wa mutum a gaba kullum shi yake ɗauka da daraja. Tun 2010 ganyen mapul yake cikin jerin imojin Unicode, yana kan kowace waya daga Sakkwato har Yawuri. Babu kuka a jerin, babu gawo, alhali ƙofar neman a ƙara sabon imoji a buɗe take ga kowa. Wanda ya tashi bai san gawo yana raye ba ko da ya gan shi ba ganye a watan Agusta, ranar da ya gaji gona sai ya sayar wa mai gatari da shi a matsayin busasshen icce. Kayan aro ba ya rufe katara.

Za a kuma ce talauci ne, mace ba za ta dafa tuwo da hoton bishiya ba. Gaskiya ne, kuma ba mu zargin matar da ke neman kirare. Amma mu duba maƙwabtanmu. A Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna raye a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa barin tsiro kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, suna sassaƙe sauran. Da wannan sassaben zamani aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma a yankin Magarya da Matamaye da Mirya gawo ne ya fi yawa. Manoman nan ba su fi na Kajiji arziki ba, ruwansu ma bai fi namu ba. Rassan da suke sassaƙewa su ne itacen girkinsu, ba su rasa murhu ba don sun bar bishiya.

A nan kuwa abin da muka fi gani shi ne bikin dashe. A kafa rumfa, babban baƙo ya tsuguna ya dasa tsiro, a ɗauki hoto, kafin bazara akuya ta gama da shi. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Madalla. Sai dai abin da ya kamata a ƙirga shi ne bishiyar da ta kai shekara uku a raye, ba wadda aka dasa ranar biki ba.

Saboda haka ga abin da muke nema. Hakimai da dagatai su dawo da hani a kan sare gawo da kuka da tsamiya masu rai, kamar yadda sarakunan Damagaram na da suka tsananta a kan gawo. Ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga su kai manomansu Maraɗi su gani da idonsu, don kuɗin motar bai kai na rumfar biki ba. Malaman firamare su koyar da damina da kaka da hunturu da bazara, kowanne da bishiyar da ke nuna zuwansa. Mu kuma masu kwamfuta, wayar da ke hannun kowa tana iya ɗaukar hoton bishiya da ainihin wurin da take, don haka ƙaramar manhaja ta isa a ƙirga gawon kowace gona a san wanda ya ɓace da daminar da ya ɓace.

Kai mai karatu, idan kana da gona ko gidanku na da ita, lokacin sharar gona na zuwa. Kafin a sa wuta, zagaya ka duba kututturan da suka yi tsiro, ka ɗaura wa biyar tsumma, ka gaya wa masu sassabe su bar su.