Sigarin da ba ya wari

A Sakkwato, abin da ke tona asirin yaro mai shan taba shi ne wari. Yana manne a riga da yatsu da baki, uwa na matsowa kusa ta gane. Tsoron wannan warin ya tsare 'ya'yanmu fiye da kowace doka. To, sigarin lantarki ba shi da shi.

Ɗan abu ne mai kama da biro, da batir a ciki da ke ɗumama wani ruwa har ya zama tururi mai ƙamshin mangwaro ko na'ana'a ko alewa. Yaro zai zuƙa a ɗaki, ya jefa cikin jakar makaranta, ya fito ya gaida mahaifinsa ba tare da an ji warin taba ba. Amma mafi yawan ruwan nan na ɗauke da nikotin, sinadarin da ke sa mai taba ya kasa bari, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 15 masu shekara 13 zuwa 15 suna shan sigarin lantarki. Wanda ya zuba ɗanɗanon alewa a nikotin ya san wa yake nema.

Matasa kan ce ai ba taba ba ce, tururi ne kawai. Haka muka ji game da kodin, wai maganin tari ne, har sai da gwamnati ta hana shi a 2018, bayan ya ci gidaje da yawa a Arewa.

Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai da karan sigari a zuci aka rubuta ta. Indiya ta haramta na lantarkin tun 2019. Birtaniya ta hana wanda ake sha a yar daga Yunin 2025.

Ina roƙon Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta yi doka da ta ambaci wannan abu da sunansa, ta hukunta mai sayarwa, a kanti yake ko a waya. Kada hukuncin ya sauka kan yaron. Shi magani yake buƙata. Shugabannin makarantu kuma, na boko da Islamiyya, daga Mabera har Runjin Sambo, su kai samfurinsa taron iyaye, kowane uba da uwa su riƙe shi a hannu su san kamanninsa.